Sanduna Goma Sha Biyu, Siffofi 122: Yadda Wani Mai Zane Ya Yi Fama da Ƙidayar Akwatin da Bai Cika Ba

Shimfiɗa: 1960 zuwa 1971

Mutumin da wannan nazari ya shafa Ba'amurke ne, haifaffen garin Hartford da ke jihar Connecticut, a shekarar 1928. Ga mai son neman hotunan aikinsa, sunansa Sol LeWitt, amma a nan za mu ci gaba da kiransa mai zanen, tunda matsalar da ya shiga ita muke bi. Ya gama Jami'ar Syracuse a 1949, ya yi aikin soja lokacin yaƙin Koriya, sannan ya tare a New York. A 1960 ya samu ɗan ƙaramin aiki a babban gidan adana zanen zamani na birnin, inda ya haɗu da wasu samari masu ra'ayi irin nasa: a rage ado, a rage nuna gwanintar hannu, a bar siffa mafi sauƙi ta tsaya da ƙafarta.

A 1967 ya buga wani ɗan rubutu a mujallar Artforum wanda ya zama madogara ga masu wannan salo. Abin da ya ce a taƙaice shi ne, tunani ne injin da ke ƙera aikin. Mai zane ya kafa ƙa'ida tun farko, ya yanke duk shawarar da zai yanke, sauran kuma aiwatarwa ce kawai, ko wani ma zai iya yi. A 1968 ya fara zane kai tsaye a jikin bango, daga baya wasu suka riƙa zana masa bisa umarnin da ya rubuta.

Irin ƙa'idar da ya fi so ita ce "a kawo dukkan haɗe-haɗen da za su yiwu". Ɗauki layi iri huɗu: na tsaye, na kwance, mai karkata dama, mai karkata hagu. Kowanne shi kaɗai, huɗu ke nan. Bibbiyu, shida. Uku-uku, huɗu. Duka a haɗe, ɗaya. Jimla 15, babu ragi babu ƙari, yaron firamare ma zai ƙirga. Haka ya yi da launuka huɗu, rawaya da baƙi da ja da shuɗi. Wannan tsari ya dace da sana'ar bugu ƙwarai. A 1971 ya yi aiki da maɗaba'ar Crown Point Press a Kalifoniya, inda ake karce zane a farantin jan ƙarfe, a sa ruwan asid ya ci gurbin layukan, a cusa tawada, a danne takarda mai laima a kai. Faranti mai kusurwa huɗu daidai-wa-daida yana da wata fa'ida: in ka juya shi rubu'in zagaye, layin tsaye ya koma na kwance, ka sake bugawa a kan na farko, ka samu sabon hoto.

A riƙe wannan da kyau, domin nan gaba zai dawo. A kan takarda, sama sama ce, ƙasa ƙasa ce. Juyi yana haifar da sabon abu, kuma ana ƙirga shi a matsayin sabo.

1973: tambayar da ta jawo rikicin

Tun tsakiyar shekarun 1960 yake ƙera kiyub na sanduna, fari fat, babu murfi babu bango. Kiyub shi ne siffar dunƙulen Maggi ko ƙwayar lido: fuska 6, kusurwa 8, gefe 12. In aka cire fuskokin aka bar gefunan, sai ya zama kamar ƙashin akwatin da kafinta ya haɗa bai kai ga buga masa katako ba, sanduna 12 riƙe da juna.

A 1973 ya ɗora wa kansa tambaya: hanyoyi nawa ne za a iya barin wannan akwati bai cika ba? Ya kafa sharuɗɗa. Dole a rasa aƙalla sanda ɗaya. Dole sandunan da suka rage su kasance a manne da juna, babu wadda ke rataye a iska ita kaɗai. Dole siffar ta kasance da tsawo da faɗi da zurfi, wato kada ta kwanta shamɓal a kan fuska ɗaya; saboda haka mafi ƙaranci sanda 3 ne, mafi yawa 11. Sharaɗi na ƙarshe kuwa, in za a iya juya wata siffa ta koma wata, to abu ɗaya ne, sau ɗaya za a ƙirga.

Sharuɗɗa ukun farko ido na gani zai yanke hukunci. A na huɗun gizo ke saƙar. Abin da ya kasance alheri a maɗaba'a, juya faranti a samu sabon hoto, shi ya zama ƙaya a nan, domin juyi ba ya kawo komai sai maimaici mai sanye da sabuwar riga.

Yunƙurin farko: haruffa da lambobi

Takardun aikinsa na wannan lokaci suna nan, kuma sun nuna inda ya fara. Ya sa wa sassan akwatin haruffa da lambobi, ya shiga jera haɗe-haɗe layi bayan layi, kamar yadda ya saba yi da layuka huɗu da launuka huɗu. Shafi bayan shafi na ƙananan zane, da jerin lambobi, da waɗanda aka soke.

Ga dalilin da ya sa hanyar ta cije. Kowace sanda ko tana nan ko ba ta nan, saboda haka sanduna 12 suna ba da zaɓi 4,096. Wannan kaɗai ya isa ya gajiyar da mai fensir, amma yawan ba shi ne ciwon ba. Kiyub yana da zama iri 24: fuska shida da za ka iya kifa shi a kai, kowace kuma ka juya shi sau huɗu. Siffa guda tana iya fitowa a jerin lambobi har sau 24, kowane karo da lambobi dabam, kuma babu abin da ke jikin lambobin da zai gaya maka cewa ka riga ka gamu da ita shafi uku baya. A rukunin masu sanda shida kaɗai akwai zaɓi 924, alhali siffofin da suka cika sharuɗɗa a cikinsu 24 ne rak.

Zana su a takarda ma bai warware ba. Siffa mai sanda bakwai in ka zana ta daga gaba, ka kuma zana ta bayan an kifa ta, ko mai ita sai ya yi da gaske zai gane ta. Takarda fuska ɗaya take nuna maka, ta ɓoye sauran.

Gajerun hanyoyi biyu da ba su ɓullewa

Duk wanda ya zauna da wannan tambaya, hanyoyi biyu za su faɗo masa a rai, kuma ya kamata a ga inda kowace ke karyewa.

Ta farko: tunda zama iri 24 ne, a raba 4,096 gida 24 mana. Amsar ita ce 170 da ɗoriya, ba cikakkiyar lamba ba, alamar da sake. Wasu siffofin in ka juya su kansu suke komawa. Sanduna uku da suka haɗu a kusurwa ɗaya kamar duwatsun murhu, sau 8 kawai suke fitowa, domin kusurwa takwas ce. Mai sanda 11 sau 12 take fitowa. Masana lissafi suna da dabarar da ke gyara wannan, kuma ita ke ba da 218 a matsayin yawan siffofi in an kawar da maimaicin juyi. To amma dabarar adadi kawai take faɗa. Ba ta zana maka ko ɗaya, ba ta kuma san wace ce a manne wace ce a warwatse ba. Daga 218 ɗin nan sai an bi ɗaya bayan ɗaya an cire 96 da suka saɓa sharuɗɗan.

Ta biyu ta fi yaudara. Duk siffa mai sanda uku tana da abokiya mai sanda tara, wato sandunan da aka bari. Mai huɗu da mai takwas, mai biyar da mai bakwai. Sai mutum ya ce in na gama rabin farko, rabi na biyu ya zo a banza. Kafin a sa sharuɗɗa haka ne: siffofi 13 ne masu sanda uku, 13 masu tara. Da an sa sharuɗɗa sai ma'aunin ya karkace. Cikin 13 masu sanda uku, 3 kaɗai ke tsira, sauran ko a warwatse suke ko a kwance. Masu tara kuwa duka 13 sun tsira. Masu huɗu 27 ne, 5 suka tsira; masu takwas 27 ne, 25 suka tsira, biyun da suka faɗi su ne murabba'i biyu masu fuskantar juna ba abin da ya haɗa su, da wadda aka cire sanduna huɗun da ke riƙe da wata sanda aka bar ta marainiya. Wato wanda ya dogara da jerinsa na ƙananan siffofi don ya samo manya, zai rasa mafi yawansu.

Abin da ya yi aiki: waya a hannu

Daga ƙarshe mai zanen ya ajiye dogaro da lambobi ya koma ga yatsunsa. Ya riƙa lanƙwasa kilif ɗin takarda da wayar share lofe, yana ƙera ɗan ƙaramin samfuri na kowace siffa, ya ɗaga, ya juya, ya kwatanta da waɗanda ya riga ya tara. Shi da bakinsa ya faɗa daga baya cewa ya so ya warware abin ta hanyar lambobi da haruffa, amma sai da ya ƙera kowace ya juya ta ya duba. Gani ya kori ji. Ya kuma nemi malaman lissafi su duba masa ƙidayar.

Mai karatu zai iya ɗanɗana abin da tsinken ashana uku da ɗan gam. Haɗa su a kusurwa ɗaya, ɗaya ya yi gabas, ɗaya arewa, ɗaya sama: siffa ta farko ke nan. Yanzu yi su kamar tafiya: tsinke ɗaya ya miƙe gaba, daga ƙarshensa na biyu ya karya dama, daga ƙarshen na biyu na uku ya hau sama. Sake yin wata, amma na biyun ya karya hagu. Ɗauki biyun nan ka yi ta juyawa har hannunka ya gaji, ba za su taɓa zama ɗaya ba. Takalmin dama ne da na hagu. Madubi ne kaɗai ke mayar da wannan waccan, kuma sharaɗin mai zanen juyi ya hana, bai hana hoton madubi ba, don haka kowace tana da gurbinta. Uku ke nan, kuma nan rukunin masu sanda uku ya ƙare.

Irin waɗannan tagwaye na dama da hagu sun cika jerin, su ne kuma suka fi wahalar da ido. Kuskure biyu ke jiran mutum a kansu: ya ɗauki tagwaye a matsayin abu ɗaya ya jefar da guda, ko ya ɗauki abu ɗaya da aka kifa a matsayin tagwaye ya ajiye shi sau biyu. Samfurin waya yana maganin duka biyun, in dai an yi haƙurin bin dukkan zama 24 ɗin.

Ga abin da ƙidayar ta bayar: masu sanda uku, 3, masu huɗu, 5, masu biyar, 14, masu shida, 24, masu bakwai, 32, masu takwas, 25, masu tara, 13, masu goma, 5, mai goma sha ɗaya, 1. Jimla 122. Kowace ya ba ta suna da lamba biyu, ta farko yawan sanduna, ta biyu matsayinta a rukuni: 3/1, 7/20, har zuwa 11/1.

1974: an baje aikin

An nuna aikin a gidan baje koli na John Weber a New York a 1974, da sunan Incomplete Open Cubes. Siffofi 122 na katako, an shafe su da farin fenti, kowace kamar santimita 20 ta ko'ina, a jere a kan wani faffaɗan dandamali mai gida-gida. A bango kuma hotunansu na kyamara da zanensu. An buga littafi mai ɗauke da su, akwai kuma zane guda da ya tattara duka a shafi ɗaya, rukuni-rukuni. An ƙera wasu daga cikinsu da alminiyum, manya, sun ɗara mita ɗaya kaɗan, waɗanda suka watsu gidajen adana zane daban-daban. Jerin ƙananan na katako tare da hotunansu yana gidan adana zanen zamani na San Francisco.

Wanda ya tsaya gaban dandamalin, ba tsari yake fara gani ba. Dajin fararen sanduna yake gani, wannan ta shiga bayan waccan. Sai ya koma ga takardar da ke bango kafin ya gane akwai jeri. Cikakken akwatin kuwa, mai sanda 12, babu shi ko'ina a ɗakin. Kan mai kallo ne ke ƙarasa shi sau 122.

1978 zuwa 2007: shekarun da ba a taɓa ƙidayar ba

Masu sharhi sun yi ta ja-in-ja a kan ma'anar aikin. Wasu sun ɗauke shi hoton tsantsar hankali da lissafi. A 1978 mai sharhin zane Rosalind Krauss ta rubuta a mujallar October cewa sam ba haka ba ne: mai lissafi in ya gano ƙa'ida yakan faɗe ta a layi ɗaya ya wuce, wanda kuwa ya tsaya sai ya ƙera kowane misali ɗaya bayan ɗaya, naci ne ke jansa. A 2001 gidan adana zane na Wadsworth Atheneum da ke Hartford, mahaifarsa, ya baje aikin tare da takardun gwajin, jama'a suka ga soke-soken da ke bayan fararen sandunan. Shi kuwa ya ci gaba da harkarsa. A shekarun 1980 ya zauna a Spoleto ta Italiya, kiyub ya sake komawa kan takarda da bango a aikinsa, wannan karo da launi. Ya rasu ranar 8 ga Afrilu, 2007.

2015: an ba kwamfuta ta duba

Natasha Rozhkovskaya da Michael Reb na Jami'ar Jihar Kansas sun mayar da tambayar yadda kwamfuta za ta fahimta, suka sa ta bi dukkan zaɓin, ta juya kowanne, ta ware maimaici. Sun buga sakamakon a mujallar Nexus Network Journal a 2015. Adadin daidai ne, 122. Amma jerin yana da kuskure guda: 10/4 da 10/5 abu ɗaya ne da aka ajiye ta fuska biyu, siffa ɗaya kuma ta ɓace.

Rukunin masu sanda goma ya fi sauƙin dubawa ta wajen giɓi, tunda sanda biyu ce kawai babu. Giɓin biyu ko dai sun haɗu a kusurwa, ko suna kallon juna a fuska ɗaya, ko suna can nesa ɗaya a wannan ƙarshe ɗaya a wancan, duka suna tafiya hanya ɗaya. Uku ke nan. Sauran biyun su ne inda giɓin ba su haɗu ba kuma ba hanya ɗaya suke bi ba. Cire sandar sama ta gaba, sannan ka cire ta tsaye da ke baya ta hagu: siffa ɗaya. Cire sandar sama ta gaba, ka cire ta tsaye da ke baya ta dama: ɗayar. Tagwayen dama da hagu ne, kuma biyar ɗin ba su cika sai da kowannensu. A nan kuskuren yake: ɗaya daga cikinsu aka ajiye sau biyu, ɗayar ta ɓace.

Abin da nazarin ya nuna

Hanyar lambobi ta gaza ne saboda an ɗauko ta daga inda juyi ke da daraja aka kai ta inda juyi ba ya ƙara komai. A kan faranti da takarda, kowane haɗi yana da suna ɗaya, jerin lambobi da jerin hotuna tafiyarsu ɗaya. A kan kiyub siffa ɗaya tana amsa suna har 24. Mai zanen ba shi da dabarar da za ta tsayar wa kowace siffa suna guda, ita ce kuma ainihin abin da kwamfuta ta yi bayan shekara 41.

Samfurin waya ya yi aiki domin ya mayar da tambayar inda jiki ya fi ƙwarewa. Mutumin da ba zai iya kwatanta jerin lambobi biyu ba, yana iya gane takalmin hagu a cikin duhu. Siffa 121 cikin 122 da hannu da ido, a ganina, sakamako ne da ba a raina shi ba, musamman da yake rukunin masu sanda bakwai, mai siffa 32 masu kama da juna kamar an tsaga kara, ya fita ba tabo.

Inda kuskuren ya faɗo shi ya fi ba ni mamaki, kuma ina da zato a kan dalili, zato ne dai nawa. Siffa mai sanda huɗu ko biyar tana da kamanni, ido yana riƙe ta kamar yadda yake riƙe harafi. Mai sanda goma kusan cikakken akwati ce, abin da ya bambanta ta da 'yar'uwarta giɓi ne, ido kuwa bai iya riƙe abin da babu ba kamar yadda yake riƙe abin da ke nan. Ga shi kuma rukuni ne na biyar kacal a ƙarshen dogon aiki, irin wurin da mutum ke sakin jiki. Duba adadi ma ba zai tona shi ba, tunda biyar ake nema kuma biyar ke kan dandamali.

Ko kuskuren ya rage wa aikin daraja? A nan ra'ayi zai rabu. In an bi maganarsa ta 1967 cewa tunani ne aikin, to tunanin lafiyarsa ƙalau: sharuɗɗan huɗu suna nan, amsarsu 122 ce, kowa ya bi su zai iso ga siffar da ta ɓace ko da mai zanen bai ƙera ta ba. In kuwa an bi Krauss, giɓin shaida ce a gare ta, domin ya nuna mutum ne ya zauna da waya yana juyawa har ya gaji. Ni na fi karkata ga na biyun, saboda takardun da aka baje a 2001 sun riga sun nuna cewa injin da ya yi magana a kai bai taɓa tafiya shi kaɗai ba a wannan aiki. Gyaran kansa ba shi da yawa: a ɗauki ɗaya daga cikin 10/4 da 10/5, a zaunar da ita giɓi ɗaya yana sama ta gaba ɗayan yana tsaye a baya, a zare sandar tsaye da ke ɗaya kusurwar ta baya a toshe giɓin da ita.